Cam Link 4K a Masallacinmu: Yadda Bakin Malam Ya Daina Bin Bayan Muryarsa

Masallacin unguwarmu da ke Gwammaja a Kano ba wani babba ba ne, amma da azumi ya kama sai ya yi mana kaɗan. Ana tafsiri bayan la'asar, maza su cika ciki har baranda, mata kuma su zauna a ajin Islamiyya da ke manne da masallacin, bango ne tsakani. Shekara da shekaru lasifika kaɗai suke ji. Ana gab da azumin 2024 wani bawan Allah ya kawo talabijin mai inci 55 ya ce a kafa wa iyayenmu mata su riƙa ganin Malam da mai jan baƙi. Da yake sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima ce, kwamiti ya ce aikin nawa ne. Aka ƙara da cewa a riƙa watsa karatun kai tsaye a intanet saboda 'yan unguwa da ke Abuja da Legas da Saudiyya.

Tsarin da na yi shi ne wanda kowa zai yi. Kyamara a kan ƙafarta tana kallon Malam, wayar HDMI daga kyamara zuwa wata 'yar na'ura mai shigar da bidiyo cikin kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira kafca kad, daga nan sai laftof mai OBS, manhajar haɗa bidiyo da watsa shi, daga laftof kuma wata doguwar HDMI ta ratsa taga zuwa talabijin ɗin mata. Na bi ta kwamfuta ne domin Malam ya nemi a riƙa rubuta sunan sura da lambar aya a ƙasan hoto. 'Yar na'urar tawa irin ƙananan nan ce marasa suna, baƙa, kamar filashi, an rubuta USB 3.0 da 4K a jikin kwalinta. Na daɗe ina aiki da ita a wuraren biki ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

A rana ta biyu, ana idar da karatu, wata Hajiya da ta haura shekara saba'in ta aiko jikarta ta kira ni. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Yaro, Allah ya yi albarka, mun ga Malam. Amma abin nan naka yana sa ni jiri. Malam ya rufe baki a kunnena, a ido kuma yana nan yana magana." Ta ce kunnenta ɗaya ya yi nauyi, da kallon baki take cike abin da ya kuɓuce mata, to yanzu bakin da muryar kowa hanyarsa daban, har gara ta rufe ido. Maganar nan ta tsaya min a rai. An sayi talabijin don irin su, sai ga shi ya zame musu wahala.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan saɓanin yake damun mutum fiye da yadda ake zato. Duk wanda ya taɓa hango mace tana daka daga nesa ya san sai taɓarya ta sauka sannan ƙarar ta iso. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya, wato kowace mita tana cin milisakan uku, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Tun muna yara ƙwaƙwalwarmu ta saba ido ya riga kunne. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne kunne ya riga ido. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan haka ga gidajen talabijin: mutum yakan fara lura idan sauti ya riga hoto da milisakan 45 kacal, amma idan sautin ne a baya sai ya kai wajen 125 kafin a lura. Abin yakan fara gundura idan sauti ya riga da fiye da 90. Mu kuwa a ajin nan sautin ne a gaba, kuma da nisa.

Ga mai watsawa a Facebook ko YouTube kaɗai, maganin wannan mai sauƙi ne. A OBS akwai wurin jinkirta sauti a cikin manyan saitunan murya, ka rubuta adadin milisakan, murya ta tsaya ta jira hoto su fita tare. Mai kallo a Jidda ba ruwansa da cewa abin ya faru sakan biyar da suka wuce, muddin baki da murya sun dace. Shi ya sa ban taɓa samun matsala a biki ba. Amma a masallaci muryar Malam ba a cikin kwamfuta take ba, a cikin iska take. Amfilifaya na aika ta nan take zuwa lasifikar ajin mata da hon ɗin da ke saman hasumiya. Ko da na jinkirta ta ajin da rabin sakan, ta hasumiya za ta shigo ta taga, su riƙa jin kowace kalma sau biyu. Ba yadda za a yi a tsayar da muryar. Hoton ne dole ya ƙara sauri.

Abu na farko da na yi, kuma shi nake ba kowa shawara kafin ya kashe ko kwabo, shi ne awo. Ba ya buƙatar wata na'ura. Ka buɗe agogon ƙirga sakan a wayarka, wanda ke nuna har 'yan gutsattsarin sakan, ka riƙe a gaban kyamara kusa da talabijin, wani ya ɗauki hoton wayar da allon talabijin a tare da wata wayar. Lamba biyu za su fito a hoton, ta hannunka da ta allo. Ka debe ƙarama daga babba, abin da ya rage shi ne jinkirinka. A ɗauka kamar sau goma, domin lambar tana ɗan motsi. Ni da ƙanena muka yi bayan tarawi, abin da muka samu ya kusa rabin sakan. A baki kamar ba komai ba ne, amma a cikin rabin sakan mai jan baƙi ya wuce kalma ɗaya ko biyu.

Da na fara bin sawun jinkirin sai na gane ba a wuri ɗaya yake ba. Kamar kuɗin cefane ne, nan kaɗan can kaɗan, sai an tattara a ga yawansa. Kyamara tana riƙe hoto tana gyara shi kafin ta sako. Na'urar shigarwa tana riƙe nata. OBS yana tara nasa. Talabijin ma tana riƙewa tana yi wa hoton kwalliya. Kuma duk lissafinsu da firem suke yi, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke zama bidiyo. Idan kana ɗauka a firem 30 cikin sakan, kowane firem da aka riƙe milisakan 33 ne. A firem 25, arba'in ne. A 50, ashirin. A 60, sha bakwai ba kaɗan. Mutum huɗu a hanya, kowa ya riƙe firem uku, ka ga an tafi.

Sauran azumin na 2024 na ƙare shi ne da gyare-gyaren da ba sa cin kuɗi, kuma sun yi aiki sosai. Mafi girma a talabijin yake. Na shiga saitin hoto na kashe duk abubuwan sulɓin motsi da rage dishi-dishi, na mai da ita yanayin wasan gem, wanda aka yi musamman don masu buga wasa da ba sa son jinkiri. Wasu talabijin ɗin a yanayinsu na kallon fim suna riƙe hoto har wajen milisakan 100, a yanayin gem kuwa abin yakan sauko ƙasa da 20. A OBS, cikin saitin na'urar bidiyo, akwai wani wuri da ake kira bafarin, wato tara hotuna kafin a nuna. Na ɗauke shi daga zaɓin kai-da-kai na kashe shi gaba ɗaya. A kyamara na kashe abin hana girgiza na lantarki, tunda a kan ƙafa take ba mai girgiza ta. Da muka sake awo, mun sauko wajen rubu'in sakan. An samu sauƙi, amma Hajiya ba ta daina rufe ido ba.

Abin da ya rage yana cikin 'yar baƙar na'urar nan, kuma a nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun tuni. Hoton 1080, wato mai layi 1080 daga sama zuwa ƙasa, yana da ɗigo 2,073,600. Idan za a aika shi cikin kwamfuta ba tare da an matse ba, kowane ɗigo yana cin bit 16, a firem 30 lissafin ya kusa gigabit ɗaya a sakan. Tsohuwar kafar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, iyakarta megabit 480, ko rabin abin da ake buƙata ba ta kai ba. USB 3.0 ta 2008 ita ce ke ɗaukar gigabit 5. To yawancin ƙananan nan masu araha, ko an shafa wa bakinsu shuɗin launi an rubuta 3.0, a ciki 2.0 ne. Dabarar da suke yi ita ce su matse kowane firem ya zama kamar hoton JPEG, abin da ake kira MJPEG, su tura ta ƙaramar ƙofa, kwamfuta kuma ta zauna tana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurewa da kwancewa duk lokaci suke ci, kuma suna ɗora wa laftof nauyi. Shi kuma 4K ɗin da ke jikin kwali, ma'anarsa na'urar tana karɓar 4K daga kyamara, ba wai tana miƙa wa kwamfuta shi ba.

Mutum zai iya gane wannan tun a shago. Ka haska fitilar waya cikin bakin USB ɗin. Na 2.0 ƙarafa huɗu ne a jere, na 3.0 na gaske yana da ƙarin biyar daga can ciki, tara ke nan. Tawa huɗu ce. Ko kuma ka jona ta ka duba jerin nau'in bidiyo a OBS: idan a 1080 MJPEG kaɗai ke tafiya daidai, YUY2 wanda ba a matse ba kuma yana rarrafe a firem biyar, to ka san abin da ke hannunka. Araha ba ta ado. Ban ce ba ta da amfani ba, ta ciyar da ni shekaru kuma har gobe tana cikin jakata. Ba a yi ta don wannan aikin ba ne.

A watan Sha'aban na shekarar da ta biyo baya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, na kai wa kwamiti hotunan awon da muka yi, suka amince a sayi Cam Link 4K, wani kafca kad da zai maye gurbin ƙaramar baƙar na'urar. Kamfanin Elgato ne ke yin sa, kamfanin da ke birnin Munich na Jamus, wanda Corsair ta Amurka ta saye a 2018, kuma a ƙarshen 2018 ɗin ne na'urar ta fito a kan kusan dala 130. Na zaga Farm Centre da titin Beirut, a ƙarshe wani mai shago da nake hulɗa da shi ya sa aka kawo min daga Legas. Kuɗinsa ya ninka na ƙaramar sau da yawa, wannan ba a ɓoye yake ba. Na je karɓa da laftof ɗina da kyamara, muka jona a nan kan kanta kafin in biya, domin akwai masu kama da shi a siffa da yawa a kasuwa. Duk mai shagon da ya ƙi a gwada irin wannan kaya a gabansa, ni dai ba zan saya a wurinsa ba.

A ido ba wani abin kallo ba ne. Ya ɗan fi filashi girma, HDMI a gefe guda, USB a ɗaya gefen, da 'yar fitila, sai gajeriyar wayar ƙarin tsawo a cikin kwali. Ba a saka wata manhaja kafin ya yi aiki. Kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin kyamarar gidan yanar gizo, don haka OBS da Zoom da makamantansu duk suna ganinsa nan take. Wanda muka saya yana shigar da 1080 har firem 60, ko 4K a firem 30, kuma ba tare da matsewa ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da muka biya wa kuɗi. Ba ruwanmu da 4K, domin 4K a firem 30 ya ma fi jinkiri. Abin da nake nema shi ne hoto ya shigo ɗanye, kuma da yawan firem.

A nan sai da na yi zaɓin da ya shafi wutar ƙasarmu. Yawancin masu bayani a intanet 'yan Amurka ne, za ka ji suna cewa 30 da 60, saboda wutar lantarkinsu tana kaɗawa sau 60 a sakan. Tamu a Najeriya 50 ce, kamar ta Ingila. Idan ka ɗauki bidiyo a 30 ko 60 ƙarƙashin wasu fitilun masu araha, za ka ga hoton yana ƙifce-ƙifce ko wasu ratsi suna hawa suna sauka. Masallacinmu cike yake da irin waɗannan fitilu. Sai na sa kyamara a 1080 firem 50, saurin ƙiftawarta a ɗaya bisa ɗari, OBS ma 50, sannan a saitin Windows na sa talabijin ɗin ma ta koma 50. Idan ɗaya yana 50 ɗaya yana 60, sai an riƙa maimaita wasu firem don cike gurbi, motsi ya riƙa tuntuɓe. Ƙaramar na'urar ba ta iya 1080 a firem 50 ba. Da wannan canjin kaɗai, duk wani mai riƙe firem a hanya ya koma riƙe milisakan 20 maimakon 33.

Muka yi awo daren da ake duban wata. Lambar ta tsaya kaɗan sama da milisakan 100. Daga kusan rabin sakan zuwa nan. Na sa ƙanena ya zauna a kujerar Malam ya yi tafi, ni kuma ina ajin mata ina kallo. Idan na ƙura ido a kan tafin hannun ina jira, ina iya kama ɗan saɓanin. Da ya fara karatu kuwa, baki da murya sun zama na mutum ɗaya. Hoton ma ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Saƙar hular Malam da rubutun bangon littattafan da ke gabansa, waɗanda da suke fitowa a dame saboda matsewa, yanzu ana ganinsu tar. Laftof ɗin kuma ta samu sarari, fankarta ta rage kuka.

Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, zafin Kano yana tasowa, da la'asar ana dosar digiri 40. Tsawon watan na'urar tana aiki wajen awa biyu kullum, ba ta yanke ko sau ɗaya ba. Tana ɗaukar ɗumi, kamar kowace irinta, don haka na yi amfani da wayar ƙarin tsawon na rataye ta inda iskar fanka ke bugawa. Wayar tana da wani amfanin: yara suna kai-kawo a masallaci, idan na'urar tana cake a jikin laftof aka taka HDMI, kafar USB ɗin ce za ta karye. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne laftof ɗin kanta. Idan ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta, jinkiri ya dawo, firem su fara zubewa. Kafin azumi na kai ta aka buɗe aka kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka. Haka nan idan an ɗauke wuta ta koma kan batir, Windows yana rage mata ƙarfi don tattali, to sai a sa ta a saitin cikakken ƙarfi kuma a bar ta a jone da inbata ko janareto.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya ciro kuɗi. Ƙofar shiga ɗaya ce, kyamara ɗaya ke nan. Ba shi da ƙofar fita ta HDMI wadda za ta wuce da hoto kai tsaye zuwa allo. Mai son wannan sai ya duba irin su HD60 X na kamfanin, ko ya sayi sifilita, wato mai raba HDMI gida biyu. Dole ne a ba shi kafar USB 3.0 ta gaske a jikin laftof, shi kaɗai, ba ta cikin abin tara USB da aka lafta wa filashi da linzami da sauransu ba. Tsofaffin laftof na hannu da muke saye sukan zo da kafa uku, ɗaya ce kawai 3.0, a nemi mai shuɗin ciki ko mai alamar SS. Ba ya ɗaukar hoton da aka kulle da kariyar HDCP, irin wanda ke fitowa daga dikodar tauraron ɗan'adam. Sannan kyamarar taka sai ta iya fitar da hoto mai tsabta ta HDMI, ba tare da alamar batir da lambobi a kai ba, kuma wadda ba ta kashe kanta bayan rabin awa. Wanda yake da kyamara biyu ko uku, gara ya tara kuɗi ya sayi irin su ATEM Mini na Blackmagic, na'urar haɗa kyamarori mai ƙofa huɗu, wadda ta fito a 2019. Wannan wani aji ne daban.

Ta ɓangaren intanet kuwa, kada kowa ya yi zaton wannan na'ura za ta yi masa wani abin a zo a gani. Tana rage kashi ɗaya cikin goma na sakan, alhali hanyar intanet tana cin sakanni. Can jinkirin a hannun dandalin yake. YouTube yana da zaɓi uku: na yau da kullum, mai ƙarancin jinkiri wanda suka ce yawancin masu kallo ba sa wuce sakan 10, da mafi ƙaranci wanda ba ya kai sakan 5. Na gwada na ƙarshen, masu kallo da data a waya suka ce yana yawan tsayawa yana juyi, domin babu ajiyar da za ta rufa asiri idan netwok ya yi tangarɗa. Na koma na tsakiya. Mai sauraron tafsiri ya fi son karatu ya tafi ba yankewa da a ce ya riga wani ji da sakan biyar. Ina rage hoton da ke fita zuwa 720 a kan kilobit 3,000, abin da ke cin data wajen gigabait ɗaya da sulusi a awa. Matse bidiyon kuma na ɗora wa Quick Sync na cikin Intel maimakon ƙwaƙwalwar kwamfutar, don ta ji da sauran aiki. Sautin da ke tafiya intanet daga mikisa nake ɗauko shi in shigar ta kafar makirfon kyamara, ya biyo HDMI tare da hoto, don haka tare suke isowa ba sai na yi ta lissafin jinkirtawa ba. Sai dai a rage ƙarfinsa daga mikisa sosai, in ba haka ba murya za ta fashe.

Don haka idan aka tambaye ni ko a saya, tambayar da nake mayarwa ita ce: masu kallon allonka suna jin muryar mai magana a cikin iska? Idan eh, kamar masallaci, ko zauren taro mai majigi, ko wurin biki da aka kafa babban allo kusa da makaɗa, ko aji, to kuɗin ya halatta, bayan an gama gyare-gyaren kyauta. Na jaddada wannan, domin fiye da rabin abin da muka rage daga saitin talabijin da OBS ya fito, ba daga kasuwa ba. Idan kuwa Facebook kaɗai kake watsawa, riƙe ƙaramar taka, ka jinkirta sauti, ka sa kuɗin a makirfo mai kyau da fitila.

Gaskiya ma akwai hanyar da ta fi duk wannan sauri, kuma na gwada ta. Na aro sifilita na raba hoton tun daga kyamara, reshe ɗaya ya tafi talabijin kai tsaye, ɗaya ya shiga Cam Link don intanet. Ta haka kwamfuta ta fita daga hanyar mata gaba ɗaya, jinkirin kyamara da na talabijin kaɗai ya rage, awo ya sauko ƙasa da ɗari. Sai dai rubutun sura da aya ya ɓace daga allonsu, tunda OBS ne ke ɗora shi. Na kai wa Malam maganar. Ya ce, "Ai ba ni ke kallo ba, je ka tambayi masu abin." Na yi musu kwana ɗaya haka, kwana ɗaya haka. Mafi yawansu suka zaɓi mai rubutu, domin da Alƙur'aninsu suke zuwa, wadda ta makara ko ta fita rarrashin yaro da lambar ayar take gane inda aka kai.

Na je wurin Hajiya ita kaɗai, tunda ita ce mafarin zancen. Na ce, "Hajiya, wanne ya fi miki?" Ta ce duk biyun tana bin bakin Malam, a bar mai lambar. Ta ƙara da cewa in ɗan matso da hoton, gemun Malam da makirfo suna kare mata leɓensa. Washegari na ɗaga ƙafar kyamara na karkatar da ita gefe kaɗan, ladan kuma ya sauke makirfon zuwa ƙasan haɓa.

Saura abu ɗaya da nake son yi kafin azumi mai zuwa. Daga hon ɗin hasumiya zuwa tagar ajin mata akwai wajen mita 15, wato muryarsa tana isa da jinkirin milisakan 45 ko ba a taɓa komai ba. Idan na samu 'yar na'urar jinkirta sauti na sa wa lasifikar ajin kwatankwacin hakan, muryoyin biyu za su haɗu su zama ɗaya, tazarar da ke tsakanin murya da hoto kuma ta sauko wajen sittin. Na riga na rubuta ta cikin jerin kayan da zan kai wa kwamiti a Rajab.